Azumin da Sanƙarau Ya Shigo Ƙofar Kibo

Azumin bana ya faɗo a tsakiyar bazara, kuma tun ranar da aka ga wata raina bai kwanta ba. Ba yunwa ba ce, tsohuwa irina me take ci? Zafin ne na gane. Na san shi kamar yadda ake sanin takun mutum tun yana zaure. Kafin hantsi bangon ɗakina ya ɗauki wuta, ruwan randa ya koma kamar na wankan jego, kaji sun saki fukafukai sun buɗe baki a ƙarƙashin rumfa. Makon jiya kuma na ji a rediyo wai sanƙarau ya ɓulla a wasu ƙauyuka, a riƙa buɗe taga, a daina cunkushewa a ɗaki ɗaya. Na ce wa rediyon, wannan maganar ƙanena ya faɗe ta tun ba a haifi mai karanta ta ba.

Masu lissafi sun ce azumi kan yi shekara talatin da 'yan kai kafin ya zagayo inda ya bari. Ni ban yi boko ba, allo ma iyakata abin salla, amma ba na bukatar kalanda. Wancan azumin na bazara yana nan a kaina kamar jiya. A cikinsa ne sanƙarau ya kama 'yata ta fari, na gani da idona, na yi kwana uku ban faɗa ba, alhali likita ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya.

Ƙanen nawa duniya ta san shi da Farfesa. Ya yi likita, ya yi bincike har Turawa na aiko masa da goron gayyata, daga baya aka damƙa masa jami'a sukutum ya shugabanta. Ni Ɗan'asabe na sani. Ni na goya shi bayan rasuwar Innarmu, bayana ya yi wa fitsari, hannuna ya wanke masa ƙafa ranar da aka fara kai shi firamare yana kuka. Mai son labarin kujeru da lambobin yabo ya je wurin 'yan boko. Ni inda abin ya soma zan faɗa, don a tsakar gidana ya soma.

Ina aure a Ƙofar Kibo cikin birnin Zariya a lokacin, gidan da nake ciki har yau. Maigidana Malam Sani, Allah ya jiƙansa, mai ɗinkin manyan riguna ne, yini yake a zaure da allura da zare, shi da abokan sana'arsa. Uwarsa, Goggo, ita ke da gidan. Ba muguwa ba ce, kada wani ya ɗauka can na nufa. Mace ce mai tsabta da barkwanci, kuma ta so ni.

Ranin shekarar ya yi tsawo. Famfon unguwa ya yi wata biyu sai tsaki yake yi. Rijiyarmu ta ja baya har muka ƙulla igiya uku, guga ya fito rabi ruwa rabi laka, mu zuba a randa mu jira ya kwanta. Ruwan da aka wanke gero da shi a ba tumaki, na wanke-wanke a yayyafa a tsakar gida don ƙasa ta ɗan huce. Kaya sun yi tsada. Sabulu sai a yanka shi gida huɗu, sukari kuwa yara sun manta kamanninsa, kununmu na tsamiya haka muke shan sa yana tsinka haƙori.

Mu matan gida huɗu muke haɗa aiki, ta wata 'yar ƙofa da ke tsakanin katangu. Da an idar da asuba mu hau surfe tun rana ba ta fito ba, taɓarya uku a turmi ɗaya. Sai a jiƙa wake, a wanke gero, a aika niƙa. Da azahar ba mai motsi. Kowa ya shimfiɗa tabarma inda inuwa ta rage, a jiƙa zane a lulluɓa, kafin ka juya ya bushe. Leɓe ya tsage, harshe ya zama kamar tsumma. Da la'asar a hura wuta, zafi kan zafi, a dama kunu, a soya ƙosai, gishiri da hanci ake auna shi tunda ba damar ɗanɗanawa.

Cikin wannan hali ciwon ya shigo. Makarar masallacin unguwa ba ta hutawa. Ka ga yaro da safe yana wasan langa, jibi a zo ana yi wa uwarsa gaisuwa. Kuma mutane sun fi tsoron asibiti da ciwon kansa, don an ce ana soka allura a gadon baya a zuƙe ruwa, wanda aka zuƙe wa kuwa ba ya ƙara miƙewa. Sai aka koma ɓoye marasa lafiya a ƙuryar ɗaki, a toshe taga da tsumma kada iska ta buge su.

Ɗan'asabe bai daɗe da zama likita ba. Yana aiki a babban asibiti a wajen ganuwa, yana haya a Tukur-Tukur. In ya tashi aiki sai ya hau wani tsohon babur ya riƙa bin unguwanni da littafi a hannu, yana tambayar mutum nawa ke kwana a ɗaki, taga nawa, wa ya kwanta, wa ya tashi. Zauna-gari-banza suka sa masa suna Malam Buɗe-taga. Bai damu ba. Wata rana ina suya ya tsuguna kusa da murhu ya ce, “Yaya, ki riƙe abu uku. Zazzaɓi da ciwon kai, ƙin haske, da wuyan da ba ya lanƙwasa. In kin ga yaro zai waiwaya ya juya duk jikinsa, kada ki jira gari ya waye. Akwai allurarsa, amma da wuri take aiki.”

Na ce, “Na ji, bokan Turai. Matsa kada mai ya fallatsar maka.”

Na ji kuwa. Ba rashin sani ya kashe ni ba.

Yaran yanzu ba za su gane ba, don matar jikana a gabana take ɗaga ɗanta na fari tana kiran sunansa tana sumbatarsa, ko a jikinta. A gidan da na tashi, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta tanka masa in da baƙi, in ya faɗi ba ita ke ɗaga shi ba. Da aka yaye 'yar tawa aka miƙa wa Goggo, ɗakinta take kwana, kwanonta take ci. Ni Yaya take ce mini, kamar yadda ta ji kawunta na faɗa. Kuma a duk Ƙofar Kibo da ni ake misali. In amarya ta yi rawar kai sai a ce, je ki ga Ma'u, shekara goma sha ɗaya ba wanda ya taɓa jin sunan 'yarta a bakinta. Ina jin daɗin wannan magana. Ba zan ɓoye ba, ina jin daɗinta fiye da sabon zane.

A shekarar ne yarinyar ta fara azumi cikakke. Ta jera goma ba fashi, tana ta yi wa ƙannenta gori. Ran sha ɗaya ga wata ta dawo daga kai niƙa da hantsi, ta sauke roba, ta zauna a bakin ƙofar Goggo ta dafe kai. Goggo ta taɓa goshinta ta ce, “Azumi ne ya kayar da jaruma. Karya, ki rama bayan salla.” Ta ƙi. Ina bakin turmi ina kallo ta gefen ido. Can ƙaninta ya kira ta daga baya, sai na ga ta juyo gaba ɗaya, kafaɗa da ƙirji da kai, kamar an ɗaure ta da itace. Taɓarya ta kusa suɓuce mini. Maƙwabciyata da muke daka tare ta ce, “Lafiya?” Na ce gumi ne ya sa hannuna santsi.

Da yammar nan Ɗan'asabe ya zo shan ruwa. Aka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, jakarsa ta aiki a gefe. Ya sha kunu ya yamutsa fuska.

Goggo ta ce, “Likita guda ba ka iya zuwa da ƙwayar sukari ba? To me ake ba ku a asibitin?”

Ya ce, “Gawa da gumi, Goggo. In kina so in kawo miki.”

Ta yi dariya ta ce, “Riƙe kayanka.”

Ya ce, “Kowa lafiya a gidan? Ina Rakiya, ban ji ta zo karɓar jakata ba?”

Goggo ta ce, “Barci take. Azumi ya yi mata dukan kawo wuƙa.”

Ya juyo ya dube ni. Ina durƙushe ina kwashe ƙosai. Ga surukata, ga maƙwabta biyu da suka shigo karɓar rabonsu. Me za a ce gobe a unguwa? Ma'u ta tsallake uwar mijinta ta kai ƙarar ciwon 'yar fari, kamar wadda ba ta yarda da riƙon da ake yi mata ba. Na sunkuyar da kai na ci gaba da kwasa. Shi kuma ya ɗauka shirun nan nawa na kullum ne. Da zai tafi na raka shi har bakin zaure, maganar tana nan a bakina, sai na ji muryar Malam da abokansa. Na ce, “Ka gaida gida.” Ya buga babur ya tafi da allurar a jakarsa.

Kashegari zazzaɓi ya yi tsanani. Goggo ta toshe taga don yarinyar na kukan haske. Aka kira wanzami ya yi mata ƙaho a ƙeya, aka karɓo rubutu, aka shafa man shanu da tafarnuwa. Goggo ba ta zauna ba, ba ta runtsa ba, mafici na hannunta yini guda. Ni kuwa na dama kunu mai ruwa-ruwa na ajiye a bakin ƙofa na juyo, ban leƙa ba. Da Malam ya shigo alwalar azahar na miƙa masa buta na ce, “Ɗakin Goggo fa ba lafiya.” Ya daɗe yana wanke hannu ɗaya. Ya ce, “Goggo ta fi mu sani.” Shi ma ɗin 'yar farinsa ce, igiyar da ta ɗaure ni ita ta ɗaure shi.

Da la'asar mata suka shigo dubiya, sun cika rumfa. Ina tankaɗe a gefe. Sai na ji muryarta daga cikin ɗaki, siririya. “Yaya.” Ta sake cewa, “Yaya, kaina.” Na san duk ni suke kallo. Na ci gaba da buga rariya. Wata tsohuwa ta ce, “Kai, Ma'u akwai kara. Allah ya ba mu irinki a zuri'a.” Ta kira sau uku, sannan ta daina.

Ran na uku, rana na tsaka, na ji wani irin nishi da ba na mutum ba. Ban san lokacin da na ɗaga labulen Goggo ba. Ɗakin kamar tanda, ga warin tafarnuwa da amai. Yarinyar ta banƙare, ƙeyarta na neman taɓa bayanta, ido a juye. Goggo na riƙe da ƙafafunta tana salati. Na saki labulen. Na fizgi mayafi na nufi zaure, ni da ban taɓa ratsa shi da rana ba. Maza suka ɗauke ƙafa. Malam ya ce, “Ina zuwa?” Na ce, “Wurin Ɗan'asabe.” Bai ɗago daga ɗinkinsa ba. Ya ce, “Ki yi sauri.”

Ban tsaya neman mota ba. Kwalta na kama silifas ɗina, har ɗaya ya tsinke na yar da shi. Da azumi a bakina, idona na ganin wuta-wuta. Da na isa asibitin na tarar ɗakuna sun cika, an jera mutane a ƙarƙashin itatuwan mangwaro, robar ƙarin ruwa rataye a reshe. Na same shi a durƙushe kan wani dattijo, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Ya gan ni da takalmi ɗaya ya miƙe.

“Wa?”

Ko a nan bakina bai iya kiran sunan ba. Na ce, “Ta ɗakin Goggo.”

“Tun yaushe?”

“Tun ranar da ka zo.”

Ya tsaya yana kallona. Ban taɓa ganin wannan fuska a wurinsa ba. Ya ce, “Yaya, ina zaune a tsakar gidanki. Taku nawa ne daga tabarmata zuwa ɗakin?” Bai jira amsa ba, ya ɗauki jaka ya ruga.

Ta rayu. Ya yi mata allura a gida, ya ɗauko ta a motar wani abokin aikinsa, ya ɗebi ruwan bayan da ake tsoro, ba abin da ya same ta ta nan. Kwana goma sha biyar tana kwance, Goggo na jinya, ni ina aika abinci. Aka sallamo ta ana jibi salla, ta rame kamar sillen kara, ba ta magana sosai. Muka ce rashin ƙarfi ne. In an yi mata magana ta yi murmushi, muka ce kunya ce.

Bayan salla da 'yan kwanaki hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Iska mai sanyi ta fara kaɗawa, ƙamshin ƙasa ya tashi tun ruwan bai sauka ba. Muka fito da duk abin da ke riƙe ruwa, randa, baho, tukunya, har kwanon sha. Yara na tsalle tsirara. Sai aka saki wata tsawa da ta girgiza azara. Goggo ta yar da ƙwarya, tumaki suka tsinke igiya, ni kaina na durƙushe. Yarinyar na zaune a bakin rumfa ta ba mu baya, tana tara hannu tana jiran ɗigon farko. Ko gezau ba ta yi ba.

Ruwan ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Kowa na murna, ni da Goggo muna tsaye muna kallon bayanta. Goggo ta ce, a hankali, “Ni ma na ga wuyan tun ranar farko. Na ce in shi ne, ai uwar za ta yi magana, ita da ƙanenta likita. Da na ji kin yi shiru sai na ce ba shi ba ne.” Har ta rasu ba mu sake tayar da zancen ba.

Ɗan'asabe ya gwada ta da wani ƙarfe mai rawa, ya kai ta wurin manyansa. Suka ce jijiyar ji ta mutu, duka biyun. Ya yi shekara guda tsakanina da shi sai gaisuwa.

Daga nan ya sa ciwon nan a gaba kamar wanda ya kashe masa uba. Ya tafi Ingila ƙarin karatu, ya dawo, aka yi masa tayin zama can ya ƙi. Duk bazara, lokacin da masu hali ke neman inuwa, shi yana ƙauye da akwatin ƙanƙara da ɗalibai, suna ɗibar jini, suna rigakafi, suna rubutu. Ya koya wa ungozomomi da wanzamai alamomin nan uku. Wani ɗalibinsa da ya zo gaishe ni ya ce, “Hajiya, Farfesa na da wata doka da muke yi wa dariya. Ya ce in mun shiga gida kada mu tambayi uwa lafiyar ɗan fari, mu tambayi maƙwabciya. Kuma in aka ce yaro barci yake, mu ce a ɗaga labule mu ga barcin.” Na ce masa doka ce mai kyau, na tura masa goro.

Ranar da aka naɗa shi shugaban jami'a ya aiko mota har ƙofar gida. Na ɗaura ɗankwalina mafi tsada, na zauna a layin gaba a wani zaure mai sanyi kamar randa sabuwa. Ya fito cikin wata burmemiyar riga da hula mai tuntu, manyan mutane na miƙe masa. Na ce a raina, wannan da kuke gani ni na yi masa tsarki. Ya yi jawabi da Turanci, matarsa na raɗa mini fassara. Can ta yi shiru. Na zungure ta. Ta ce, “Yana ba da labarin wata yarinya ce. Ya ce yana sabon likita ya zauna a gidansu ya sha kunu, bai tashi ya duba ta ba. Ya ce shi ya makara, kuma duk abin da ya yi a rayuwarsa biyan wannan yinin yake.” Aka yi ta tafi. Ban sunkuyar da kai ba, don ana kallona. Amma sanyin ɗakin ya shiga ƙashina, har muka dawo Zariya ban ji ɗumi ba.

Ya yi shekarunsa a kujerar ya sauka. Juma'ar da ta wuce ya zo shan ruwa, shi kaɗai, ya bar direba a waje. Gemu ya yi fari fat, yana jan ƙafa ɗaya. Aka kawo kujera ya ce tabarma yake so. Yanzu akwai sukari a kunun, amma shi likita ya hana shi.

Na ce, “Likita ma da likitansa?”

Ya ce, “Yaron da na koyar ne. Shi ma wata mai zuwa zai tafi Saudiyya.” Ya kurɓa ya ajiye. “Kin ji rediyo?”

Na ce na ji.

Ya ce, “Ƙauyukan da aka faɗa, Yaya, na san su gida-gida. Na yi musu rigakafi tun iyayensu na goye. An sami allurar da ta fi tamu, mun ɗauka an gama, sai ciwon ya sauya kama ya dawo. Na bar asibiti na karɓi kujera don in gyara inda ake ƙera likitoci. Shekarun nan kaf a kan yajin aiki da man janareta da ruwan ɗakin kwanan ɗalibai suka ƙare. Ɗakin binciken da na gina, firjin ya mutu, abin da muka tara shekara da shekaru ya lalace a mako ɗaya. Waɗanda na koyar, masu ƙwazon cikinsu suna ƙasashen waje suna duba tsofaffin wasu. Jiya na je ɗakin yara a asibiti. An fara shimfiɗa tabarma a baranda.”

Na ce, “Ka yi iyakar yinka.”

Ya ce, “Na yi. Rijiya na yi ta yasa da rariya.”

Ban saba jin sa haka ba. Sai na tura masa ƙosai.

'Yar tawa na zaune a bakin rumfa tana ɗinkin hula. Ta haura arba'in yanzu. Ta yi aure, ta haifi uku, mijin ya rasu, ta dawo gabana. Tana magana, sai dai muryar ta yi kauri, ba ta san inda take hawa da sauka ba. Ya sayo mata na'urar kunne kala-kala, suna nan a cikin kwalla. Bakin mutum take kallo ta gane abin da ya ce. Ita ke yi mini wanki, ita ke shafa mini man zafi a gwiwa. Har yau Yaya take ce mini.

Ya daɗe yana kallonta. Ya ce, “Kin taɓa kiran ta?”

Na ce, “Kullum.” Gaskiya na faɗa. Tun bayan rasuwar Goggo da Malam, in ta ba ni baya tana ɗinki ko tana wanke-wanke, nakan ce Rakiya. Wani lokaci sau goma a yini. Har na amsa mata wancan kiran na la'asar, na ce na'am, ga ni, me ya sami kan?

Ya ce, “A bayanta.”

Na jawo kwanon ƙosai na rufe shi.

Ya ce, “Tana karanta baki, Yaya. Ni abin da zan iya yi mata ya ƙare tun tuni. Saura naki. Kuma daga ni har ke ba mu da wani azumin bazara a gaba.”

Da ya tafi na zauna da maganar kwana biyu. Jiya da la'asar, gida ba kowa, zafi ya ɗan sassauta, na ja tabarmata na zauna a gabanta, gwiwa da gwiwa. Ban taɓa zama da ita haka ba. Na taɓa hannunta. Ta soke allura a jikin hular, ta ɗago, ta kafa wa bakina ido tana jira. Idon Goggo ne da ita, da goshin Malam, ga furfura ta fara fito mata a gefen kunne. Na buɗe baki. Na ji harshena ya tashi zai kama sunan.

Na ce, “An jiƙa waken?”

Ta ce, “Tun ɗazu, Yaya.” Ta ɗan ƙara jira, ko da saura. Sannan ta zare allurarta ta mayar da kai kan ɗinki.